Kwana Goma Sha Ɗaya Ina Satar Kallon Wuyan Ɗana

Da sunan Allah na fara, Shi da yake ba mu numfashi tun ba mu san roƙonsa ba.

Ɗana Idris ya cika shekara ɗaya da wata biyu. Yanzu haka yana tsakar gida yana fama da murfin tukunya, yana buga shi da ƙasa yana ihu don jin daɗin ƙarar. Duk wanda ya shigo sai ya ce yaron nan ya cika surutu. Ni kuwa ban taɓa ce masa ya yi shiru ba, ban kuma ga ranar da zan ce ba. Dalilin haka nake so in rubuta, musamman saboda 'yan'uwana mata masu cikin fari.

Sunana Rabi'atu. Gidanmu yana bayan Hubbare, mahaifina malami ne, zaurenmu ba ya rabuwa da masu ɗaukar karatu. Na yi jami'a, ina koyarwa a wata makaranta a Mabera, inda muke zaune da maigidana Nasiru. Na ambaci karatun ne don a san ba rashin sani ne ya rufe mini baki ba. Kunya ce.

A gidanmu ana yi wa ɗan fari kunya. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa sai an miƙo mata. In ya yi kuka a cikin taro, sai ta yi kamar ba nata ba. Innata har yau ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, sai dai ta ce "wancan", amma idan ya yi tafiya ba ta cin abincin kirki sai ya dawo. Ina son wannan al'ada ƙwarai. Ina ganinta kamar turaren da aka rufe a cikin akwati, ba a ganinsa amma duk tufafin sun ɗauka. Har waƙa na taɓa rubutawa a kanta a littafin da nake ajiye rubuce-rubucena. Tun ina da ciki na ƙudura cewa ba za a ce boko ya cire mini kunya ba.

Na haihu farkon damina a wani ƙaramin asibiti, lafiya lau, aka sallame mu washegari, aka wuce da ni gida wanka. Ƙanwar babana, Gwaggo Hajo, ta taso daga Dundaye da ƙunshin kayanta. Ita ta yi wa duk matan gidanmu wankan jego, ita ta gasa duk 'ya'yansu. Mace ce mai raha da kaifin baki, hannunta ya saba da ruwan zafi har ba ta jinsa. Safe da yamma za ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta kora ni makewayi, ita kuma ta ɗora jaririn a cinyarta ta yi masa wanka, ta gasa masa cibi da gaɓoɓi da tsumma mai zafi. Idan lokacin shan nono ya yi ta miƙo mini shi, ni kuma in kau da kai in kalli bango, kamar yadda ya dace.

A rana ta uku, Gwaggo ta fita sallar azahar ta bar ni da shi. Na tashi na saki labule, na buɗe shawul ɗin da aka naɗe shi da shi. Wannan ne karo na farko da na kalle shi sosai. Na ƙirga yatsunsa, na shafa girarsa. Da na ɗaga haɓarsa sai na ga wani ɗan kumburi a ƙasan kunnensa na hagu, kamar ƙwan tantabara, ya ɓuya a cikin naɗin wuya. Na taɓa, na ji shi da laushi, yana motsi kamar ruwa a leda. Ban san abin da ya sa ba, na kunna fitilar waya na kara a gefensa. Sai wurin ya haskaka ja, haske ya ratsa shi kamar fitilar ƙwai. Na ji takun Gwaggo, na mayar da shawul da sauri, na juya fuska bango, gabana yana faɗuwa kamar wadda ta yi sata.

Da yamma ita ma ta gani wajen wanka. Ta danna da babban yatsa ta ce, "Naƙuda ta matse shi. Gashi na sauke shi." Daga ranar ta ƙara wuyan a cikin wuraren gashi. Ta dumama tsumma a kasko, ta shafa man shanu, ta danna, ta murza. Yaron yana kuka, ni ina kallon bango.

Akwai kuma wani sauti. Duk sanda ya ja numfashi sai a ji wani siririn fito, kamar ƙyauren da yake son mai. A rana ta biyar na kasa daurewa. Ɗakin cike yake da 'yan barka, amma na sunkuyar da kai na ce a hankali, "Gwaggo, wai numfashin nan..."

Ta juyo ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Jama'a kun ji ɗiyar zamani? Ɗan hwari na fa, Rabi! Yaushe kika san numhwashinai? Mu da munka yi goyo tun ba a haihi uwakki ba, ba mu ji komi ba sai ke?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Wata ta ce minshari ne, gadon kakansa ya yi. Ni ma na yi murmushi, na ja mayafi na rufe fuska. Ba da mugunta suka yi ba. Wasa ne irin wanda ake yi wa kowace mai haihuwar fari, ni ma na sha yi wa wasu. Amma wannan dariya ita ta ƙulle mini harshe.

Na aika wa Nasiru saƙo ta waya. Ya zo bayan la'asar, aka kai masa yaron zaure a naɗe, da hula, yana barci, ga surukinsa zaune da ɗalibai. Shi ma kunyar ta kama shi, bai iya buɗe ɗansa a gaban babana ba. Ya rubuto mini cewa ya gan shi lafiya, in an yi suna za mu kai shi rigakafi mu tambaya. Na amsa da "to".

Tun da ba ni da wanda zan gaya wa, sai na koma ga littafina. A bayan shafin waƙar nan ta kunya na fara rubuta abin da nake gani duk azahar, har da na kwanakin da suka wuce. Rana ta huɗu, kamar ƙwan tantabara, hasken fitila yana ratsa shi. Rana ta shida, kamar lemon tsami. Yana tsotso sau goma ya saki ya huta. In an kwantar da shi rigingine fiton yana ƙaruwa, in an juya shi gefen kumburin ya koma ƙasa sai ya ragu. Na rubuta ne don zuciyata ta sami wurin ajiye nauyi, ban ɗauka zai yi wa kowa amfani ba.

Ranar suna aka raɗa masa Idris. Wanzami ya zo aski, Gwaggo ta kai shi da kanta, ta ce a haɗa da cire hakin wuya, ɗan naman nan na can cikin maƙogwaro, don a ganinta shi ke sa fiton. Ina ɗaki ina jiyo su ta taga. Wanzamin ya gama aski, ya buɗe bakin yaron, ya daɗe yana dubawa, ya shafa wuyan. Sai na ji ya ce, "Hajiya, wanga ba aikin aska ba na. Ni ban taɓa shi. Ku kai shi asibiti."

Gwaggo ta ce, "Kai dai tsoro gare ka. Da ubanka na ad da rai, da tuni an wuce wurin."

Ya ce, "Ko Baba na, ba shi taɓa wanga."

Ya naɗe kayansa ya tafi. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. Daga baya likita ta ce da ya sa aska a ranar, da jini ya gangara a hanyar iskar da dama ta ƙuntata, da wani labarin ake yi. Sai dai maganarsa ta nutse a cikin hidimar suna. Inna ta ce bari a sallami baƙi tukuna. Baƙi suka ƙi ƙarewa. Aka ce sai Litinin. Litinin ta zo da ruwan sama mai ƙarfi, aka ce sai Laraba, ranar rigakafi.

A cikin kwanakin nan kumburin ya kai ƙaramin mangwaro, ya yi tauri, launinsa ya yi duhu. Gwaggo ta ga haka ta ƙara gashi zuwa sau uku. Tsotso ya koma sau biyar ya saki, sau uku ya saki, goshinsa ya yi gumi kamar wanda ya yi noma. Idan ya ja iska sai in ga tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, har da ramin ƙasan wuyansa. Duk na rubuta. Ban faɗa ba.

Rana ta goma sha ɗaya, Talata ce, da hantsi. Ina makewayi ina wanka, Gwaggo tana tsakar gida tana gashi, ga 'yan'uwan Nasiru mata uku sun zo gaisuwa suna zaune a tabarma da Inna. Ko ina wanka kunnena yana kan fiton nan, na riga na saba da shi kamar bugun zuciyata. Sai na ji ya tsaya.

Ban san yadda na fito ba. An ce da ɗaurin ƙirji na fito, ba ɗankwali, ganyen wanka a hannuna. Na gan shi a cinyar Gwaggo, idonsa a buɗe, leɓɓansa sun koma launin toka. Na ce, "Ba ni ɗana!" A gaban surukaina, a gaban Inna. Na fizge shi, na juya shi gefen hagu, na ɗaga haɓarsa kamar yadda na gano a ɓoye. Ya yi wani irin ja, fiton ya dawo, siriri kamar zare.

Ba wanda ya yi dariya. Inna ce ta yafa mini hijabi, ta tare keken napep a bakin titi, Gwaggo ta biyo mu ba takalmi.

A babban asibiti aka ce sai mun yanki kati. Layin ya kai bakin ƙofa. Inna ta yi ta roƙon mai ba da katin ta taga, yana cewa kowa ma mara lafiya ya kawo. Har yau in na tuna mutumin nan sai na yi istigfari kafin zuciyata ta huce. Wata nas ce, Sista Talatu, ta zo wucewa da tire a hannu, ta ji sautin, ta tsaya cak. Ba ta tambayi kati ba. Ta ajiye tiren a kan benci ta karɓe shi ta ruga, muka bi ta.

Aka sa masa iska ta hanci. Likitar da ta zo mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta dubi Inna da Gwaggo ta ce, "Tun yaushe abin ya fara?"

Inna ta ce, "Yau na ya tsananta."

"Na gani. Tun yaushe ya fara? Da wane girma? Yana shan nono?"

Suka kalli juna. Gwaggo ta ce, "Shina sha." Likita ta ce, "Wace ce uwar?" Ina tsaye a bayan ƙofa. Littafin yana cikin jakar kayan jariri da Inna ta suro, na ciro na miƙa mata ba tare da na ɗaga kai ba. Ta karanta shafin a tsaye, ta sake karantawa. Ta ce, "Ke kika haska shi da fitila?" Na ce e. Ta ce, "Kin san duk wannan, me ya hana ki kawo shi?"

Inna ce ta ce a hankali, "Ɗan fari na, likita."

Likita ta cire tabarau ta goge. Na gane ba yau ta fara jin wannan amsa ba.

Bayan an ɗauki hoton wuyan ta kira mu da Nasiru. Ta ce sunan abin sistik haiguroma. Kalmar ta zauna mini, na yi kwanaki ina maimaita ta kamar sunan wani gari mai nisa da aka ce dole sai na je. Ta ce tun a ciki ya zo da shi, ba laifin kowa ba ne, ba abin da na ci ko na taka. Wasu 'yan jakunkuna ne na ruwa, jere kamar saƙar zuma, suna danne hanyar iska. Ta ce ba a dannawa, ba a gasawa, ba a tsagawa, don murzawa tana iya sa jini ya zuba a ciki ya kumbura farat ɗaya, kuma da alama abin da ya faru ke nan. Gwaggo tana bakin ƙofa, ta ji. Ta juya ta fita.

A makon nan sau biyu aka zuƙe ruwan da allura, sau biyu yana dawowa. A rana ta huɗu likita ta ce ba za a ci gaba da jira ba, za a huda masa maƙogwaro a ƙasan kumburin a sa ɗan bututu ya riƙa numfashi ta nan, har a samu a yi maganin abin a tsanake. Nasiru ya ɗauki biro. Kafin ya sa hannu ta ce, "Akwai abin da ya kamata ku sani. Muddin bututun yana nan, ba za ku ji muryarsa ba. Iskar ba za ta bi ta inda murya take ba."

Ban fahimci nauyin maganar ba sai da aka fito da shi daga tiyata ya farka. Fuskarsa ta yamutse, bakinsa ya buɗe, hawaye ya zubo. Ba sauti. Kuka yake da duk ƙarfinsa, ɗakin kuma shiru.

Sista Talatu ta dafa kafaɗata ta ce, "Maman Idris, daga yau ba ki da kunne, ido gare ki. In yunwa ce, a fuska za ki gani. In bututu ya toshe, a fuska za ki gani, kuma ba zai jira ki ba. Kar ki ɗauke ido."

Ni da na yi kwana goma sha ɗaya ina kallon bango.

Mako shida muka yi a ɗakin jarirai. Na koyi tatsar nono a kofi ana ba shi ta robar hanci. Na koyi zuƙe majinar da ke taruwa a bututun da na'ura, na koyi canza igiyar da ke riƙe da shi, yatsa ɗaya tsakanin igiya da fata. Idan wuta ta ɗauke na'urar ta tsaya, sai mu koma ta hannu, wadda Nasiru ya sha yawo kafin ya samo. Akwai nas ɗin da in ka kira ta sai ta gama hirarta. Akwai kuma wadda ta ba ni kujerarta ta tsaya, ta ce ƙafafuna sun kumbura. Duk a ɗaki ɗaya.

'Yan dubiya kuwa kowa da nasa. Wata ta ce wankan jegon da na bari a tsakiya zai sa in kumbure, sanyi ya shige ni har tsufa. Wata ta ce akwai mai sakiya a wani ƙauye, sau ɗaya yake tsagawa. Wata ta tambaye ni ko na taɓa fita da tsakar rana ina da ciki. Wata ta kawo gari a ƙulle a shafa. Na karɓa na yi godiya, na zuba a jaka. Babana ya zo da rubutu a kwalba, aka ce ba a ba shi komai ta baki. Bai yi musu ba. Ya ba ni na sha, shi kuma ya tsaya a kan gadon ya yi addu'a ya tofa a tafinsa ya shafa ƙafafun yaron. Da zai fita ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "Rabi'atu, kunya aba ce mai kyau. Amma ba inda aka ce a bar rai dominta." Ina jin kansa ma yake gaya wa.

A gadon da ke kusa da namu an kawo wata jaririya daga wani ƙauyen masu noman shinkafa, da irin kumburin nan, amma an riga an tsaga mata a gida, wurin ya ruɓe. Uwar yarinya ce ƙarama, ita ma haihuwar fari, kullum tana zaune ta ba gadon baya. Kwana uku suka yi. Ranar da aka naɗe jaririyar a zane, a lokacin na ga ta juyo ta kalle ta. Allah ya sa mai ceto ce.

Gwaggo Hajo ba ta koma Dundaye ba, ba ta kuma shigo ɗakin ba. Ta shimfiɗa tabarma a baranda tare da masu jinya, tana dama mini kunun kanwa ta aiko da shi ta hannun Inna. Kwana tara ba mu haɗa ido ba. Ba zan ɓoye ba, na ji haushinta. Idan na rufe ido sai in ga babban yatsanta a wuyansa. Amma kuma na san hannun nan shi ya wanke ni ranar da aka haife ni, kuma abin da ta sani ta yi. Ni ce na san abin da ba ta sani ba, na yi shiru.

A rana ta goma Inna ta je gida, ga la'asar tana wucewa ban yi alwala ba. Na leƙa baranda na ce, "Gwaggo, zo ki duba min shi." Ta ce, "Ni? Hannuna bai ƙara taɓa shi." Na ce ba taɓawa za ki yi ba, kallo kawai. Ta shigo tana raɓe-raɓe, ta zauna a bakin kujera.

Ina wanke ƙafa ta biyu na ji muryarta ta cika barandar. "Rabi! Ɗanki! Rabi, taho ga ɗanki!" Na ruga. Majina ce ta toshe bututun, fuskarsa ta fara sauyawa, ba ko ƙis. Na kunna na'ura na zuƙe, kafin Sista ta iso launinsa ya dawo. Gwaggo tana tsaye hannu a ka. Ta ce, "Ba shi da ko kukan da za ya kira mutum. Da na diba waje ɗaya, da shi ke nan." Sai ta kama hannuna ta zaunar da ni a kujerar, ta juya mini fuska wajen gadon da tafukanta biyu. "Diba shi. Diba shi da kyau. Duk wadda tac ce miki komi, ki turo ta wurina."

Ranar ce ta fara cewa "ɗanki".

Maganin kumburin allura ce ake yi a cikinsa don jakunkunan su bushe. Bayan kowace allura sai wurin ya ƙara tashi, zazzaɓi ya zo na kwana biyu, ni kuma in ce an ɓata, likita ta ce in yi haƙuri haka yake yi. Aka sallame mu da bututun, muka koma Mabera, Gwaggo ta biyo mu. Muka raba tsaro ni da ita da Nasiru, ba a barinsa ko na minti ɗaya ba ido a kansa. Duk bayan 'yan makonni mu koma, mu kama layi tun sassafe, wani lokaci a ce likita tana tiyata sai wani makon, wani lokaci a ce maganin ya yanke sai mun nemo a waje. Na bar koyarwa zango biyu. Allura ta uku ce ta fara nuna aiki. Bayan ta biyar, mangwaron nan ya koma fata mai laushi da ta ɗan saki, kamar aljihun da aka zazzage.

A watannin nan na san fuskar ɗana fiye da yadda na san tawa. Na san yamutsin yunwa, na san na jiƙa, na san na ƙiwa kawai. Na ga dariyarsa ta farko, baki buɗe ba sauti, kamar fure ya buɗe. Amma sunansa ban taɓa kira ba. A asibiti in an ce Maman Idris ina amsawa, a gida kuwa "yaron nan" nake cewa. Wannan ragowar kunyar ta maƙale mini a wuya, ba wanda ya hana ni, ni ce na kasa.

Ga abin da nake roƙon duk mai karanta wannan. Idan kin haihu, ki buɗe jaririnki ki duba shi ko'ina, har cikin naɗin wuya. Idan kin ga kumburi, kar a gasa, kar a danna, kar a tsaga. Idan numfashinsa yana fito, ko haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko yana sakin nono yana gumi, ko leɓensa ya sauya launi, ba a jiran suna, ba a jiran baƙi su watse. Ku kuma iyayenmu masu wanka, in yarinya ta buɗe baki a kan ɗanta na fari, ku saurara kafin ku yi dariya. Ba ƙaramin abu ne ya sa ta magana ba.

Yana da wata takwas likita ta ce lokaci ya yi. Aka kwantar da mu, aka sauya bututun da ƙarami, aka toshe bakinsa na 'yan sa'o'i a ga ko zai iya da hanci da baki. Ya iya. Ranar Alhamis da safe ta zo da Sista Talatu. Inna tana nan, Nasiru yana nan, mahaifiyarsa ma ta zo, Gwaggo tana tsaye a ƙarshen gado tana jan carbi. Likita ta kwance igiyar, ta zare bututun, ta rufe ramin da auduga da filasta. Abin bai ɗauki lokacin karanta Fatiha ba.

Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ja iska. Fuskarsa ta yamutse irin yamutsin da na sani, bakinsa ya buɗe, sai wani sauti ya fito, a shaƙe, a dishe, kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Shi kansa ya tsorata, ya yi shiru, ya zaro ido yana neman inda abin ya fito. Sai ya sake, da ƙarfi.

Na ɗauke shi na rungume, na ji bakina yana cewa, "Idris." A hankali na faɗa, a cikin gashin kansa, amma ɗakin ya ji. Na ɗago a tsorace na dubi surukata, na dubi Inna. Inna ta kau da kai tana share ido da bakin hijabi.

Gwaggo Hajo ta daina jan carbi. Ta ce, "Mi kic ce?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ke, yaro na ta kuka, bai ji ba. Sake hwaɗi."

Na sake faɗa, da ƙarfi, har masu jinya na baranda suka leƙo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Bari in tashi, ga shi can ya yar da murfin tukunya ya nufi wajen murhu, sai na kira shi.